Kawu Mai Ƙwai da Ƙattinsa Biyar

Duk wanda ya san Kawu Ummaru a garin nan na Bukkuyum, to da abin nan ya san shi a hammata. Wai ƙwallo ce, amma mai tsini biyu, ruwan ƙasa, da ɗinki a gadon baya kamar an yi mata aiki a asibiti. Kasuwa da ita, gona da ita, zaman makoki da ita. Masallaci kaɗai take tsayawa a ƙofa, ya ajiye ta tsakanin takalmansa, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ɗauke ta ba, don ɓarawo ma bai san abin da zai yi da ita ba. Da yake siffar ƙwai gare ta, aka laƙa masa Mai Ƙwai, ya kuwa amsa da hannu biyu.

Ni ne Sani mahauci, ɗan ƙanwarsa. Tunda yau kwana arba'in da rasuwarsa kun ce sai na faɗi wani abu, to zan faɗa. Ku yi dariyarku tun yanzu, don labarin zai kai mu ranar da aka zo ɗaukar Jabbi a filin bayan makaranta, ranar da ni kaina ban san ko zan tsaya masa ba. Ga Jabbin nan zaune a gefen tabarma, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni.

Shekarar da gubar dalma ta ci yara a Dareta, Kawu ya tafi ƙasar Anka aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen mutane. Cikin masu aikin akwai wani Ba'amurke da suka saba. Kawu ya tafi da shebur, ya dawo da ƙwai, da tsohuwar waya, da ciwon da ba ya jin magani: son wata ƙungiyar ƙwallon Amurka. Sunan garinsu bai taɓa zama a bakinsa ba, kullum da yadda zai murɗe shi, har ya gaji ya koma ce musu yaranmu. Wayar nan kuwa har ya koma ga Allah bai sa mata layi ba. Mai cajin waya na bakin tasha ke zuba masa wasannin, shi kuma ya zo rumfata da hantsi ya baje a kan bencina.

"Sani, taho ka ga abin takaici."

"Kawu, nama nake yanka."

"Naman gudu zai yi? Dubi wanga yaro mai jifa, sun sake danne shi! Ina ƙattin da anka aje su tsare shi? Ga su can suna kallon sama!"

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda Kawu ya koya mana. Ƙatti biyar ne ke duƙawa a jere. Na tsakiya ya miƙa ƙwai ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa da ke bayansu, shi kuma ya nemi wani mai gudu ya wurga masa. Aikin ƙattin ɗaya ne: kada kowa ya kai ga mai jifa. In ka tambayi Kawu, sauran duk ado ne. Shi ya sa komai ya lalace a duniya, maganarsa ɗaya: "A tsare mai jifa!" Gero bai yi ba, a tsare mai jifa. Aure ya mutu, ba a tsare mai jifa ba. Har liman ya taɓa roƙonsa ya daina faɗar haka a wajen sasanci.

To akwai wata kaka, ana tsakar yankan dawa, su kuma can suna tsakiyar kakar wasa, yaransa suka shiga shan kashi a jere. Kowane mako sai a kwashi mai jifarsu a ƙasa. Kawu ya rame. Ana nan sai labari ya zo cewa shugabannin ƙungiyar sun tashi gyara, sun ɗauko sabon ɗan wasa. Kawu ya zo da murna, ya buɗe waya, ya ga wani siriri mai gudu. Wallahi ranar bai ci tuwo ba. Ya zauna a tsakar gidan Inna mahaifiyata, ya share ƙasa, ya jera goro biyar a gaba, ya watsa gyaɗa a gefe, wai yana tsara musu ƙungiya yadda ya kamata. Goro su ne ƙatti, gyaɗa masu gudu. Ya tashi alwala, kafin ya dawo akuyar Inna ta lashe gyaɗar tas, ta bar goron. Muka ce yau akuya ta shiga uku. Sai muka ga ya tsaya yana gyaɗa kai.

"Kun gani? Ko akuya ta san mai gudu abin lashewa na. Ƙato kuwa sai dai ta gewaye shi."

Washegari ya sa mai cajin waya ya ɗauki muryarsa, da Hausa tsantsa, ya yi wa kocin Amurkawa faɗa tun daga gaisuwa har sallama, ya ce a tura. Aka yi mako uku shiru.

"Kawu, ba su amsa ba?"

"Kunya sunka ji. To in ba su jin magana, ni in gwada musu da aiki."

Haka muka shiga uku mu ma. Ranar kasuwa ya ari sikelin 'yan hatsi, ya tsaya yana tare duk mai tumbi. Ni ya fara ja. Na hau, allurar sikeli ta zagaya ta tsaya tana rawa, na ga hawaye a idon Kawu. Shekara da shekaru Inna na ce min in rage ci, ranar aka fara yabon cikina a bainar jama'a. Ya sa ni a tsakiya. Ya ɗauko Malam Hadi mai makarantar allo, da Isa mai injin niƙa, da Ɗan'ige mai dako. Garba direba kuwa, wanda ya fi mu duka faɗin kafaɗa, ya ba shi can ƙarshen hagu. Ya ce wajen nan ya fi ko'ina tsada, don mai jifa in ya juya zai wurga, bayansa ke kallon hagu, ba ya ganin abin da ke taho masa.

Muka ce to hular kwano fa, irin ta cikin waya?

"Hular kwano? Ga ƙwarya Allah Ya shuka muna?"

Ya farke tsohuwar katifarsa, ya cusa soso cikin ƙorai, ya ɗaura musu igiyar roba. Ranar da na fara shiga gida da tawa a kai, matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Inna kuwa cewa ta yi, "Ummaru, ka rasa abin yi da ɗana sai ka sa shi duƙawa yana nuna wa gari baya?" Ya ce mata ai a Amurka mai wannan duƙawar jirgin sama yake hawa.

Mai jifa ne ya gagara. Duk wanda ya gwada, ƙwai ya tafi yana tangaɗi ya faɗi inda ya ga dama. Sai wata rana a bakin gulbi Kawu ya hangi saniya za ta faɗa dawar mutane, ya ga hoge ya taso daga nesa ya sauka daidai gaban hancinta, ta juya. Wanda ya jefa shi ne Jabbi, Bafillacen da rugarsu ke bayan gari tun zamanin kakansa, uwarsa ce ma ke kawo wa Inna nono. Mutum ne mai mata da 'ya'ya biyu, kuma shekarar da ta gabata 'yan bindiga sun kore musu shanu sun bar musu 'yan ƙalilan. Kawu ya ruga har yana tuntuɓe, ya danƙa masa ƙwai.

"Wurga wanga in gani."

"Kawu, mene ne shi?"

"Kai dai wurga!"

Ya wurga, ƙwai ya tafi yana murzawa sumul, ya tsallake gulbi. Kawu ya zauna a kan yashi ya ce alhamdu lillahi sau uku. Sannan ya tuna ƙwansa na wancan ƙetaren, ya tuɓe riga ya shiga ruwa.

Daga nan kullum bayan la'asar muna fili. Kawu ba shi da usur, bai ga dalilin saye ba tunda yana da maƙogwaro. "Ku duƙa!" Mu duƙa. "Ku tashi! Ku duƙa!" Sau ɗari a yini. Abin ya shige mana jiki har ya zama masifa. Yana wucewa ta rumfata sai ya daka tsawar, in tsinci kaina a duƙe da wuƙa a hannu. A wajen wani ɗaurin aure ya gwada, Malam Hadi da babbar riga da rawani ya dafa ƙasa a gaban surukansa. Malam ya yi kwana uku ba ya amsa masa sallama da daɗi.

Ya shafa wa wani abokinsa na Gummi ciwon, shi ma ya tara nasa ƙattin, aka tsara wasa huɗu bayan kaka. Mun yi biyu, mun ci ɗaya an ci mu ɗaya. Yadda aka yi aka ci mu har yau ban gane ba, don Kawu ne kocinmu, shi ne alƙalin wasa, shi kaɗai kuma ya san dokokin.

Muna shirin na uku 'yan bindiga suka faɗa wa garin Zugu. Kun san ranar, ba sai na maimaita ba. Cikin gawarwakin da aka kawo akwai yayan Lawali, wannan da ke jagorantar samarin da ke gadin unguwarmu, akwai kuma mijin ƙanwata Hauwa. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Gari ya ɗau zafi, kowa na neman wanda ya nuna musu hanya. Sai magana ta fara yawo cewa an sha ganin Jabbi a daji shi kaɗai, ya ƙura wa waya ido. Matan ruga suka daina shigowa da nono. Garba direba ya zo ya ajiye ƙwaryarsa a gaban Kawu, ya ce shi ba ya tsare bayan Bafillace.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na je. Raina a ɓace yake, kukan Hauwa na kunnena, kuma tsoro nake ji.

"Kawu, ka sallami Jabbi. Ko na ɗan lokaci."

"Mi yay yi?"

"Ban ce ya yi ba. Amma mutane na magana."

"Kai ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"To Sani, ni na auna ka bisa sikeli. Ashe iska na auna?"

Maganar ta soke ni, na tashi ban yi masa sallama ba. Shi kuwa ya tafi ruga da ƙafarsa, ya ce wa Jabbi kada ya kuskura ya gudu, in ya gudu an ce shi ne, kuma matarsa da 'ya'yansa za su biya. Ya zo fili gobe kamar kullum, kowa ya gan shi. Inna da ta ji ta yi ta salati, ta ce, "Ummaru, ran ɗan mutane za ka sa a wasan ƙwai?" Ya yini yana zagaya kasuwa neman wanda zai maye gurbin Garba, duk wanda ya tara sai ya tuna yana da uzuri.

Washegari bayan la'asar na je filin, kuma wallahi da niyyar mayar masa da ƙwaryarsa na je. Na tarar da Malam Hadi da Isa da Ɗan'ige tsaye, ba mai kallon wani. Jabbi na gefe riƙe da ƙwai. 'Yan kallo da ke cika filin ranar ba ko ɗaya. Ban kai ga buɗe baki ba muka hango su sun ɓullo ta bayan azuzuwa, sun fi mutum goma sha biyar, da gora da adda, ɗaya da bindigar toka. Lawali na gaba, idanunsa jajur.

"Kawu, ba da kai muka zo ba. Ba mu Bafillacen ga, tambayoyi za mu yi mashi a waje."

Duk wanda ke wurin ya san wanda aka fita da shi bayan gari a irin ranakun nan ba ya dawowa. Na kalli hanyar gida, na lissafa taku nawa ne zuwa kwanar makaranta. Sai kawai na ji tsawar nan a ƙeyata.

"Ku duƙa!"

Jama'a, kada wani ya ce jarumta ce. Jikina ne ya duƙa ban ba shi izini ba. Kafin hankalina ya dawo hannuna na ƙasa, ƙwarya na kaina, Malam Hadi da Isa a damana, Ɗan'ige a haguna, Jabbi a bayanmu. Ƙarshen hagu kuwa wayam, inda Garba ke tsayawa. Sai na ga Kawu ya ɗauki ƙwaryar Garba ya kifa a kai, ta rufe masa har gira, ya je ya duƙa a gurbin. Tsoho ɗan shekara sittin da wani abu, siriri kamar karan dawa, gwiwoyinsa na ƙara.

Lawali ya tako har na ga yatsun ƙafarsa a gaban fuskata.

"Sani, tashi. Mijin Hauwa bai yi kwana bakwai a ƙasa ba. Kai ma shi za ka tsare?"

A nan ne na samu damar tashi, ba wanda zai zarge ni. Ina jin numfashin Jabbi a bayana, gajere gajere. Wata uku mutumin nan na karɓar ƙwai daga hannuna, bai taɓa duba ko zan kauce ba. Na ce, "Lawali, in kana da shaida kawo ta gaban hakimi, ni zan riƙe maka shi. In babu, sai ka bi ta kaina."

"Shaida? Wayar da yake kira da ita fa?"

"Tawa ta!" in ji Kawu daga ƙarƙashin ƙwarya. "Ni na ba shi ya koyi jifa. Jabbi, jeho mashi!"

Ba su jira ba. Wani daga cikinsu ya zagayo ta hagu da gudu, daidai inda Jabbi ba ya gani, ya ɗaga gora. Kawu ya miƙe ya shiga gabansa. Na ji ƙau! Ƙwarya ta tsage biyu, soso ya yi tsalle, tsoho ya zube. Malam Hadi ya saki salati da ƙarfi amma bai ɗaga hannunsa daga ƙasa ba, mu ma ba mu ɗaga ba, don Kawu na kwance jini na bin goshinsa yana ihu, "Kada wanda ya tashi! Ku riƙe layi!"

Jinin nan ne ya tsayar da su. Wanda ya yi dukan ya saki gorar, don Kawu ne ya raɗa wa ƙanensa suna. Wayar na yashe a ƙasa inda Jabbi ya jefa ta, Lawali ya ɗauka. Ya ɓalle bayanta, ba layi. Ya kunna, ba lambar kowa, ba saƙo, sai wasu ƙattin Amurka na ta karo da juna, wani mai jifa na faɗuwa ana danne shi. Ya daɗe yana kallo. Sai ya tsuguna a nan inda yake, ya fashe da kuka yana kiran sunan yayansa. Babu wanda ya yi motsi. Ni ma kukan nake, a duƙe, hawaye na ɗiga kan hannuna.

Kawu ya ja jiki ya zauna, ya dafe goshi da soson katifa, ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya ƙare masa kallo tun daga wuya har kafaɗa, ido ɗaya a rufe da jini.

"Lawali."

"Na'am, Kawu."

"Allah shi jiƙan yayanka. Kai, ka taɓa hawa sikeli?"

Ina rantsuwa, cikin hawaye Isa mai niƙa ya tuntsire da dariya. Ranar dai mu huɗu muka sa Jabbi a tsakiya muka raka shi gidan hakimi, Kawu na gaba da ƙwai a hammata da tsumma a kai. Iyalinsa suka yi wata guda a gidan Inna. Lawali bai zo fili ba sai bayan sati uku, ya tsaya nesa yana kallo, Kawu ya miƙa masa sabuwar ƙwarya, ya nuna masa gurbin Garba. Jabbi ya yi kwana biyu yana waiwayen hagu kafin ya wurga, ran na uku ya daina. Wasan Gummi na uku an ci mu, kuma wannan karon Kawu da kansa ya yarda an ci mu.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar ƙarshe da na je duba shi, ya yafito ni da hannu, na kai kunne ina zaton wasiyya ce.

"Yaranmu sun ɗauki ƙato?"

Ban sani ba, amma na ce sun ɗauka, Kawu, har biyu.

"To sun ji saƙona," in ji shi, ya lumshe ido.

Da aka tashi ɗaukar makara ba wanda ya tsara mu, sai muka ga kowa ya kama inda ya saba, Lawali a hagu. Ba mu taɓa ɗaukar abu marar nauyi irin Kawu ba. Jabbi ya biyo mu a baya da ƙwai a hammata, a ƙofar maƙabarta ya ajiye shi tsakanin takalmansa.

Ya Allah, ga bawanKa Ummaru nan ya zo maKa shi kaɗai, ba mu a gabansa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka tsare mana shi ta gefen da ba ya gani. Amin.